Maganin da Ya Biyo Ta Kan Danga

Surukata ta rasu ranar Talata da hantsi, a ɗakinta na Bengou, bayan jinyar da ba ta cika mako ba. Ni da matata muna can tun da ciwon ya tsananta. Kafin azahar labari ya isa Gaya, kafin la'asar ya ƙetare kogi.

Kwana uku muka yi a ƙofar gida muna karɓar gaisuwa. Mutanen Bana sun zo a kan jakuna, 'yan kasuwar Gaya sun zo a mota, matan Dendi suka shigo suna "fonda tilas", gaisuwarsu ta rashi. Abin da na lura da shi shi ne kowa da irin tsohuwar da ya rasa. Matan da suka yi dafuwar gishiri tare da ita a kwarin Fogha suka ce ba a yi mai gane ƙasa da harshe kamarta ba: takan ɗanɗana ƙasa ta ce wannan za ta ba da gishiri, waccan kuwa asarar itace ce. Wani tsohon Bafulatani ya ce ta taɓa bin sa da muciya har bakin hanya, don ya zo neman maganin da zai sa wata ta so shi. Yana faɗa yana dariya yana share ido da bakin rawani. Jikoki suka tuna faɗanta, wanda ba ya ƙarewa sai da ƙosai a hannun wanda aka yi wa. Wata mata daga Zabori ta wuni a zaune. Da za ta tafi ta ɗaura mayafi ta ce, "Ni dai ba don ita ba, da tuni rijiya ta ci ni." Ba wanda ya nemi ƙarin bayani.

Ni ban ce komai ba a wurin. Suruki ba ya tsayawa gaban jama'a ya yi ta zuba a kan surukarsa, ko da ta mutu. Amma akwai abin da ni kaɗai na rage da saninsa dalla-dalla, kuma ba na so ya bi ni ƙasa.

Sai na fara da yadda muke da ita, don yaran yanzu su gane. A zamaninmu tsakanin mutum da uwar matarsa kunya ce tsantsa. In na hango ta a hanya, sai in tuɓe takalmi in durƙusa daga nesa in gaishe ta, ta amsa tana kallon wani gefe. Daga gaisuwa ba ƙari. Ba na cin abinci a gabanta, ba ta ci a gabana, ba ma haɗa ido, ba ta kwana a gidana. Ga shi kuma matata 'yar farinta ce, don haka ita ma ba ta kiran sunanta, sai dai ta ce "waccan". To, da wannan matar, wadda al'ada ta hana ta yi mini magana, Allah ya ɗaura warakata.

Lokacin Nasara ba su daɗe da kafa bariki a Gaya ba. Aurena bai cika shekara biyu ba aka zo neman maza don aikin dole. Daga gidanmu aka ɗauki biyu, ni da ƙanena. Aikin shi ne kai jirgin kaya sama ta kogin Kwara, wajen Yamai: inda ruwa ya kwanta a tura da gora, inda ya yi ƙarfi a sauka gaɓa a ja da igiya. Mu biyu muka tafi, ni kaɗai na dawo. Na ce wa uwata ciwon ciki ya kashe shi a hanya, kuma an binne shi. Aka yi zaman makoki, aka watse.

Daga nan na zauna. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai, ba inda za a taɓa in ce nan ne. Akwai wata rumfa a jikin dangar da ta raba mu da maƙwabta, can nake shimfiɗa tabarma in wuni. Ina jin kiran salla, na san ana kira, amma tashi daga tabarmar ya fi mini jan jirgi nauyi. Tuwo a bakina kamar toka. Barci ya ƙaurace. Matata za ta yi mini magana in ji muryarta kamar daga wancan ƙetare. Ba na kuka, ba na faɗa, ba na son komai, har mutuwar ma ba na nemanta, sai dai da ta zo ba zan kauce ba.

Kowa ya ba abin suna. Wasu suka ce iskar kogi ce ta biyo ni. Wasu suka ce sammu. Abokaina na fatauci, da suka gaji da zuwa, suka ce lalaci ne kawai. An yi mini rubutu na sha, an yi turare, an yanka abin da aka ce a yanka. Kaka ta wuce, rani ya shigo, ina nan a rumfa.

Mahaifin matata ya riga ya rasu, don haka maganarta tana hannun baffanninta biyu. Suka zo Gaya suka zauna a zaurenmu, babban ya yi magana da ƙarfi don in ji daga inda nake.

"Ba mu ba da 'ya don ta zauna gadin mutum kamar mai korar tsuntsu a gonar shinkafa ba. Ba mu ce ya yi laifi ba, ciwo na Allah ne. Amma in ruwan shuka ya sauka bai ɗauki sungumi ba, za mu zo mu tafi da ita, mu je gaban alƙali a raba."

Na ji kowace kalma. Na san ina son matata. Amma sanin yana can wani wuri, ni ina nan, babu hanya a tsakani.

Bayan kwana huɗu sai ga surukata ta iso a ƙasa, tana jan jakinta. Tsakiyar rani ne, lokacin da masu gishiri ba sa ɗaga kai daga bakin murhu, amma ta bar tukwanenta ta taho. Ba ta shigo gidanmu ba. Ta sauka wurin maƙwabciyarmu, wata gwauruwa, ta ɗaure jakin a jikin dangar nan, daidai bayan rumfata. Ina jin numfashinsa ta cikin kara.

Kwana biyu ba ta ba da komai ba, tambaya kawai take yi. Kuma jakin take tambaya, matata tana amsawa daga wannan gefe.

"Kai jaki, tambayar mini waccan. Yana magana da mutanen da ba a gani?"

"A'a, Inna."

"Yana dariya shi kaɗai? Yana yaga tufa?"

"Ba ya yi."

"Yana gane uwarsa?"

"Yana gane kowa. Kallo kawai yake yi."

"To, wannan ba iska ba ce. Mai iska ƙarfi gare shi, sai an taru a danne. Wannan zuciyarsa ce ta kwanta. Duk wanda ya sake ce masa mahaukaci a gidan nan, ni da shi ne."

Rana ta uku da sassafe ta gyara murya ta ce, "Kai jaki, ka ji ni da kyau. An ce akwai wani mutum a gidan can da ya daina cin abinci. Ni ban zo wurinsa ba, gishiri na kawo kasuwa. Amma in ƙwarya ta biyo ta kan danga, a shanye ta tun da ɗuminta. Kada a dawo mini da ko kurɓi."

Ƙwarya ta biyo. Na ga hannunta kawai, baƙi, duk tabon wuta. Matata ta karɓa ta ajiye a gabana. Abin da ya sa na sha ba fatan waraka ba ne. Kunya ce. Na ƙi abincin uwata, na ƙi na matata, amma mayar da ƙwaryar suruka a cike abu ne da ko gawa za ta yi nauyin yi.

Daga baya na san abin da ke ciki. Kunun tsamiya ne, an dafa shi da ganyen ɗoɗɗoya da na geza, da ɓawon saiwar gwandar daji. Da la'asar kuma a kawo tukunyar ganye tana tururi, a lulluɓe ni da zane in yi surace har gumi ya karyo. Akwai kuma saiwar sanya, wadda take kankarowa da farcenta, ita kaɗai, ba ta yarda wani ya auna ba. Takan ce wannan saiwa in ta yi yawa kisa take yi, kuma har ta mutu mutum biyu kacal ta koya wa awonta. Mai gaggawa ba ta koya masa. Mai son a ce ya iya ba ta koya masa.

Uwata ba ta ji daɗin wannan ƙwarya ba. Ta yi kwana biyar tana haɗiyewa, rana ta shida ta je ta tsaya a bakin danga.

"Ke mai gishiri! Me kike ɗura wa ɗana?"

Tsakanin uwar miji da uwar mata babu wannan kunyar, don haka jaki ya huta.

"Abin da ke ba ki ɗura masa ba."

"Na san irinku. A shayar da namiji ya zama rago, 'yarki ta sa masa igiya ta ja."

"Haba, uwar gida. Juya ki dube shi da kyau. Wannan har sai an yi masa asiri kafin a ja shi? Yanzu ko kaza ta ja shi zai bi."

Maƙwabciya ta tuntsure da dariya. Uwata ta ce ba dariya ta zo yi ba, ɗa ɗaya ya rage mata, ba za ta zuba ido a ƙarasa shi ba. Sai surukata ta ɗaga ƙwaryar da ta shirya mini, ta kafa kai ta sha rabi a gabanta, ta goge baki, ta miƙa mata sauran ta kan danga.

"Sha ke ma. Ke ma ɗa kika rasa, ba wanda ya tambaye ki. Tun da na zo nake ganin yadda zane yake zame miki a ƙugu."

Uwata ta tsaya riƙe da ƙwaryar. Ta daɗe. Sannan ta sha, ta ce akwai ɗaci, ta koma ɗaki. Daga ranar ƙwarya biyu ke biyowa ta kan danga kowace safiya. Su biyun nan ba su daina cacar baki ba har uwata ta bar duniya, kuma surukata ce ta yi mata wanka.

Ba zan ce na san rabon da saiwa ta ɗauka a warakata da rabon da sauran abubuwa suka ɗauka ba. Ni ba likita ba ne, ita ma ba ta taɓa cewa ita ce ba. Abin da na shaida shi zan faɗa. Barci ne ya fara dawowa, wajen mako na biyu. Bayansa sai yunwa. Wata safiya na bar saura a ƙwarya, sai na ji ta tana yi wa jaki mita.

"Ka gani ko, jaki? Ni na bar gishirina na zo ina ƙona hannu, ana dawo mini da saura. Mutanen birni ke nan."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Jaki, ka ce ɗacin ya yi yawa."

Wata nawa ke nan ba a ji na haɗa kalma biyar ba. Matata tana daka, taɓarya ta tsaya a sama.

Surukata ta ce, "Au, ashe yana da harshe. To, jaki, ka ce masa wanda ya ji ɗaci bakinsa ya fara dawowa. Gobe za a sa zuma. Kaɗan."

Matata ta ajiye taɓarya ta zagaya bayan rumbu. Na ji tana fyace hanci.

Ba a jima ba sai surukata ta sanar da jaki cewa saiwar gwandar daji ta ƙare, kuma irin wadda ake buƙata yanzu hannun mace ba ya tona ta. Ƙarya ce, kuma ita ce ƙarya ɗaya da na taɓa kama ta da ita a kan magani, don shekara da shekaru da hannunta take tonawa. Amma na tashi. Tana gaba da jaki, ina biye a nesa da 'yar fartanya. A dajin na ga yadda take aiki. Takan yi wa itace sallama kafin a taɓa shi. Gefe ɗaya kawai ake tonawa, a yanki saiwa ɗaya, a mayar da ƙasa a danne da ƙafa. In ta ga ramin da wani ya tona ya bari a buɗe, sai ta tsaya ta cike shi tana zagin mai shi har kakanninsa.

Ranar farko hanya ta bi da mu ta inda ake hango kogi. Na sunkuyar da kai, na tsuguna a gindin wata giginya. Ba ta waiwayo ba, ta tsaya tana gyara wa jaki igiya har na miƙe. Amma daga ranar ba mu sake bin hanyar da ake ganin ruwa ba, ko da zagayen ya ninka tafiyar.

Ruwan shuka ya sauka ina tsaka-tsaki. Ina ci, ina barci, ina salla a tsaye, amma in an ce gona sai jikina ya mutu. Gonarmu tana bakin kogi, kuma ni da ƙanena muke noma ta. Washegari da hantsi baffanni suka iso, da jakin da za a ɗora kayan matata.

Suka zauna a zaure, aka kira ni na zauna a gefe. Surukata ta zauna daga waje, bayan ƙofa. Babban baffa ya ce, "Matar yaya, kin ce a ba ki lokaci, mun ba ki. Ya warke?"

Da ta ce e, da magana ta ƙare, don ba mai ƙaryata ta. Uwata tana ta yi mata alama da ido.

Ta ce, "Bai warke ba."

Ƙaramin baffa ya tafa hannu. "To, shi ke nan."

"Ban gama ba. Bai warke ba, amma ba inda na same shi yake ba. Yana ci, yana barci, ya tona mini saiwa da hannunsa. Ciwon da ya yi wata bakwai yana shiga ba ya fita a wata biyu."

"Ruwa ba ya jiran mai ciwo. Mun faɗi magana a gaban mutane, sungumi muka ce."

"Sungumi kuka ce. Kun ce a gonar wa?"

Suka dubi juna. Sai ta juya wajen jakinta, wanda ke ɗaure a gindin bedi, ta ɗaga murya.

"Kai jaki! Ni gwauruwa ce, mijina ya bar mini gona a Bengou. 'Yan'uwansa suna da nasu gonakin, ban ga laifinsu ba. Ruwa ya sauka, ba ni da mai sara mini. Na ji ana cewa wadda ta aurar da 'ya tana da suruki, kuma suruki ba ya jin surukarsa na neman hannu ya zauna. Ko a Gaya ba haka ake yi ba?"

Wannan haƙƙinta ne, kowa a zauren ya sani. Tun da aka yi auren ba ta taɓa nema ba, sai ranar. Na ji kunya ta taso mini tun daga tafin ƙafa, irin wadda na manta da ita. Na miƙe na shiga gida na ɗauko sungumin da ke rataye a rumbu. Na ƙanena ne, nawa ya karye tun bara. Na fito na tsaya a ƙofa na ce, "Jaki, mu tafi."

Washegari da sanyin safiya muka shiga gonarta a Bengou. A shuka namiji ke gaba yana sara rami da sungumi, mai iri na biye yana zubawa yana rufewa da diddige. Matata ta ɗauki ƙwaryar iri, uwarta ta karɓe ta ce waccan ta je ta yi abinci. Jaki kuma an bar shi a gida. Sai ya zama ni a gaba, ita a baya, taki uku a tsakaninmu, ba mai ganin fuskar wani.

Na yi layi biyu, na uku ya karkace. Hannuna ya sauka a ƙotar daidai inda hannun ƙanena ya cinye itacen ya yi santsi. Ban tsaya ba, ban waiwaya ba, ina sara ina magana da ƙasar da ke gabana.

Na ce da ransa na bar shi. Na ce ciwon ciki ya kayar da shi har ba ya iya riƙe igiya, gardin Nasara mai tsaronmu ya ce jirgi ba ya ɗaukar wanda ba ya ja. Aka kwantar da shi a wani tudun yashi a tsakiyar ruwa, da goran ruwa da ɗan gari. Ya kira ni da sunan da yake kirana tun muna yara. Na saki igiya, bulala ta sauka, na sake kamawa. Na ja jirgin, ina jin muryarsa har muka sha kwana. Da muka dawo bayan wata guda ruwa ya rufe tudun. Na ce ba a binne shi ba, ba a yi masa salla ba, kuma na dubi uwata na yi mata ƙarya.

Ina jin iri yana faɗawa rami a bayana, diddige yana rufewa. Ba ta fasa ko rami ɗaya ba. Sai da muka kai ƙarshen layi na durƙusa, kukan da ban yi ba tun a kogi ya zo gaba ɗaya. Ta tsaya a bayana har na gama.

Sannan ta ce, "Ɗana."

Ba jaki, ba danga. Sau ɗaya ke nan a rayuwata ta yi mini magana kai tsaye.

"Na ji. Wanda ya riƙe bulala shi ya bar shi, kuma akwai ranar da za a tambaye shi. Kai an ɗaure ka ne a igiya. Damin farko da za a yanka a gonar nan sadakarsa ne. Uwarku tana da haƙƙin ta sani, amma ba yau ba. Yau shuka. Tashi, ƙasa tana bushewa."

Na tashi. Muka shuka har rana ta take.

Da la'asar babban baffa ya zo ya tsaya a bakin gona, hannu a baya. Ba doka ba ce, amma mutumin da ya sari gonar ɗan'uwanka marigayi da ruwan fari, ba ka kai shi gaban alƙali a wannan damina ka sake shiga kasuwa da fuskarka. Ya bi layukan da ido, ya daɗe.

Ya ce, "Layinka a karkace yake kamar tafiyar maciji."

Na ce, "Haka ne, Baffa."

"Gero bai damu ba." Ya juya zai tafi, ya tsaya. "Gobe ka fito da wuri. Akwai tawa gonar."

Aka sauke kayan matata da aka riga aka ɗora wa jakin baffanni.

Da kaka na gaya wa uwata gaskiya. Ta ce ta sani tun ranar da na dawo, don ban taɓa faɗin garin da aka binne shi ko wanda ya yi masa salla ba. Ta ce tana jira ne in iya faɗa. Muka yi sadakar da damin farko, kamar yadda aka ce.

Ciwon bai tafi ke nan har abada ba, ba zan ƙawata labari ba. Ya dawo mini sau biyu, sau ɗaya da muka rasa ɗa, sau ɗaya ba dalilin da na sani. Duk biyun ƙwarya ta zo, kuma duk biyun bai kai na farko ba, don yanzu gidan ya san sunansa, ba a jira ya yi wata bakwai. Da aka buɗe gidan likita a Gaya ba ta yi kishi ba. Wanda ta ga abin ya fi ƙarfin ganyenta, ko yana maganar halaka kansa, takan ce a kai shi can yau, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Mu kuwa muka koma yadda muke: in durƙusa daga nesa, ta amsa tana kallon gefe. Shekara arba'in da wani abu. Ban taɓa ce mata na gode ba, babu ƙofar da zan bi in faɗa.

Ranar da aka kai ta, aka tsaya a bakin kabari ana neman wanda zai shiga ya karɓe ta. 'Ya'yanta maza sun riga ta, 'yan'uwanta ma haka. Jikoki suka fara tuɓe takalma. Liman ya dube ni ya ce, "Malam, mijin 'ya muharrami ne. Kai ne babba a nan, in gwiwa za ta yarda."

Gwiwa ta yarda. Na shiga, aka miƙo mini ita. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na kwantar da ita a gefen dama, na gyara mata fuska wajen alƙibla, na faɗi abin da ake faɗa, na ƙara da abin da ban taɓa samun faɗa ba.

Allah ya yi mata sauƙi fiye da wanda ta yi wa bayinsa, ya sanyaya makwancinta, ya haɗa ta da waɗanda suka riga ta cikin rahama.

Da muka dawo na tarar da matata a ƙofar ɗakin, ta tsufa kamar yadda na tsufa, tana riƙe da carbi ba ta ja. Ta ɗago ta dube ni.

"Wa ya karɓe ta?"

"Ni."

"Ka kwantar da ita da kyau?"

"Da kyau."

Ta gyaɗa kai, ta matsa ta ba ni wuri a tabarma.